Kujerar Mama a Gidan Yini

Asabar, 2 ga wata, da yamma, a cikin bas

Malama ta ce kowannenmu ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da yake gani a wurin aikinsa. Biyu na saya. Ɗaya nata ne, zan cika shi da maganganu masu tsabta in miƙa mata a ƙarshen zango. Wannan nawa ne.

Ta ce a fara da gabatar da kai. To. Ni ce mataimakiyar shugaba a gidan yinin tsofaffi. Da safe 'ya'yansu su kawo mana su, su wuce aiki, da yamma su dawo su ɗauke su. Mu ba su magani a kan lokaci, mu ciyar da su, mu motsa musu gaɓoɓi, mu sake sauraron labarin da muka ji jiya. Juma'a da yamma da yinin Asabar kuma ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a kan shugabancin ayyukan kula da jama'a, a saman wani bene mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Duk ajin manya ne. Da mai furfura, da mai goyo, da wanda ke zuwa da kakin aiki. Bayan abincin rana, in fankar sama ta fara waƙarta, sai ka ga kawuna suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, kamar wani babba ne ya shigo ana gaishe shi.

Mama ce ta tura ni karatun. Ita ce shugabarmu, ita ta kafa gidan. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Cewa ta yi, "Je ki karanto mana abin da muke yi ɗin nan, mu ma mu ji sunansa a littafi."

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Muna raba shayi Mama ta tsaya a tsakiyar falo tana bin kujeru da ido, ta ce, "Yau ba a kawo Baba Kafinta ba?"

Mai girki ta tsaya da buta a hannu, ta kalle ni. Na ce, "Bai zo ba, Mama."

Ban yi ƙarya ba. Bai zo ba. An daɗe rabonsa da zuwa. Mama ce da kanta ta ja mu gaisuwar rasuwarsa, ita ta riƙe matarsa a ranar.

Ta ce a ajiye masa kofinsa, ko zai makara. Na ajiye. Shayin ya huce a kan tebur har ya yi fata.

Laraba, 6 ga wata, da rana

Gajiya ce. Wa ba ya gajiya?

Juma'a, 8 ga wata, bayan an tashi aji

Darasin wannan zangon a kan miƙa ragama ne: yadda shugaba ke sauka, wani ya hau, ba tare da gida ya girgiza ba. Malama ta zana akwatuna a allo, kibiyoyi suna fita daga wannan su shiga wancan. A ƙarshen wata kowa zai tsaya gaban aji ya ba da labarin shugaban da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da yadda aka shirya wa ranar saukarsa.

Ina kallon akwatunan sai suka fara yi min kama da ɗakunanmu. Ga falo, ga ɗakin magani, ga ofishin Mama. Kibiyar nan baranda ce. Na ga kaina ina tafiya a cikinta ba takalmi, simintin da sanyi, ƙofofi duk a buɗe, kowane ɗaki cike da hasken safiya, babu kowa a ciki.

Gandiroba ne ya zungure ni da biro. Shi ne maƙwabcina a aji, a gidan yari yake aiki, shi ya sa muke ce masa haka. Ya ce, "Yaya, ki dawo, an kusa kiran suna. In za ki yi barci ki bar ido ɗaya a buɗe, haka muke yi a wurinmu."

Da aka tambaye ni shugaban da na zaɓa, na ce Mama. Ban ma san na ɗaga hannu ba.

Lahadi, 10 ga wata, da safe

Baban yara ya same ni a kicin na baza takardu a kan teburin yanka albasa. Ya ce, "Farfesa, yau mu da karin kumallo sai a littafi?" Na yi dariya don kada ya tambaye ni wani abu. Ya ɗauki jakarsa ta wayoyi da sukundireba, wai wani gida wuta ta ƙi zama. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kwana biyun nan kina magana cikin barci." Na ce me nake cewa. Ya ce, "Kirga mutane kike yi."

Na tuna mafarkin bayan ya fita. Gidan yinin ya tashi daga inda yake, yana tafiya a hankali a kan ruwa, tsofaffi suna zaune a kujerunsu ana shan shayi, ko kofi ɗaya bai karkata ba. Mama tana gaba da laima. Na tambaye ta ina za mu, ta ce, "Ai ke kika sani." Kuma abin mamaki ban ji tsoro ba. Daɗi ma na ji.

Talata, 12 ga wata, da azahar

Na karɓi rabon magani daga hannunta. Ban ce na karɓa ba. Cewa na yi a makaranta an sa mu gwada kowane aiki da hannunmu, ta ce madalla, ta miƙo min makullin.

Da safe na same ta a sito, tana tsaye tsakanin buhunan shinkafa da katan ɗin sabulu, tana kallon hannunta. Na ce, "Mama, me ake nema?" Ta ce, "Shi nake jira ya faɗa min." Muka yi dariya. Muka fito tare.

Amma a rubuta wannan ma. Sabuwar tsohuwar da aka fara kawowa makon jiya ta tayar da hankali da rana, tana dukan ƙofa tana cewa an sace ta. Mu uku muka kasa. Mama ta zo, ba ta ce mata uffan ba, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta da kwandon tawul, ta fara ninkewa ba daidai ba, da gangan. Tsohuwar ta yi kallo, ta yi kallo, can ta ce, "Ke wa ya koya miki ninki?" Ta fizge tawul ɗin, ta zauna tana gyara mata. Har aka zo ɗaukarta suna ninki.

Wanda ya ga wannan ya zo ya ce min wani abu. Gajiya ce kawai.

Alhamis, 14 ga wata, da magariba

Hannuna bai daina rawa ba, amma bari in rubuta yadda aka yi.

Bayan abincin rana falon yakan yi tsit, kowa ya kishingiɗa. Na shigo da tiren magani na ga kujerar Baba Direba ba kowa. Tsohon direban manyan motoci ne, idonsa ya yi rauni, yana da ciwon suga, kuma ba macen da bai yi wa alkawarin aure ba a gidan nan, har Mai girki. Sandarsa ba ta nan. Na duba banɗaki. Na leƙa ofis, jakar Mama ba ta nan, wayarta kuwa tana kan tebur.

Maigadi ya ce tun ɗazu suka fita, tana riƙe da hannunsa. Na ce ina suka ce za su? Ya ce, "Gida ta ce. Ni wane ne zan tambayi Mama wane gida?"

Na fita. Ban yi gudu ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Titin ya zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Motoci suna wucewa ba ƙara. Na tambayi mai kemis, na tambayi mai burodi, na tambayi masu jiran bas, bakinsu yana motsi, maganar sai daga baya take iso ni. Wani ya nuna gabas, wani yamma. Na yi ta zagaye har inuwa ta fara tsawo.

Mai girki ce ta kira ni a waya. Ta ce, "Kin duba tsohon gida?"

Kafin a gina mana wannan, haya muke a bayan tashar mota. Yanzu shagon fenti ne. Can na same su a kan benci a bakin shagon, suna cin lemo. Mama ta ɗago ta ce, "Sai yanzu? An canza mana kwaɗo, kuma wasu sun cika mana falo da gwangwanaye. Ki je ki yi musu magana."

Baba Direba ya ce, "Ke kuma wa ya gayyace ki? An fito da ni shan iska, za ki ɓata mana." Yana dariya, amma goshinsa sharkaf da gumi, leɓensa ya bushe. Lokacin maganinsa ya wuce tuni.

A cikin tasi Mama ta yi barci a kafaɗata. Shi kuma ya matso ya ce a hankali, "'Yata, hanya kam ta san ta, ko kwana ɗaya ba ta kuskure ba. Shekarar ce ta ɓace mata. Na gane tun a bakin ƙofa. Shi ya sa ban saki hannunta ba."

Da muka iso, ɗansa yana tsaye a bakin get da makullin mota a hannu. Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba. Da ni ce ma haka zan faɗa.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Ban je makaranta ba.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Yau ma. Na yi wanka, na sa kaya, na ɗauki jaka, na zauna a bakin gado. Sai na ga rana ta taso daga bakin ƙofa ta hau kan tabarma, ta haura ƙafata. Ina ta kallonta.

Gandiroba ya kira lokacin hutu. Ya ce, "Yaya, kujerarki tana ta tambayarki. Malama ma ta tambaya, ita kuma ba da wasa ba." Na ce wani ne ya ɓace mana a wurin aiki, amma an gan shi. Ya ce, "Ku dawo tsarinmu mana, mu namu ba sa ɓata." Da ya ji ban yi dariya ba, ya yi shiru, can ya ce, "In turo miki abin da aka yi?" Na ce ya turo. Ban buɗe ba.

Litinin, 18 ga wata, da la'asar

Shugaban kwamitin gidan ya aiko a kira ni. Tsohon alƙali ne, yana magana kamar yana ajiye ƙwai a faranti. Ya ce ɗan Baba Direba ya same shi, wasu iyalan ma sun ji, har biyu sun ce za su daina kawo iyayensu. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Gajiya ce, ranka ya daɗe. Aiki ya yi mata yawa."

Ya ce, "'Yata, na tsufa ina sauraron masu ba da shaida. Ban tambaye ki mene ne ba. Tun yaushe na ce."

Akwai agogo a bangon falonsa, mai lilo. Na bi lilon da ido har na fara jin kamar kujerar da nake kai ce ke lilo. Ban amsa ba. Ya ce kwamiti zai zauna Alhamis ta sama, ko na yi magana ko ban yi ba. Ya raka ni har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Talata, 19 ga wata, da rana

Ta kira ni ofis ta ce in rufe ƙofa. Yau idonta tar, kamar na da.

"An ce kin je wurin Alƙali."

"Shi ya kira ni, Mama."

"Ashe abin da ake koya muku ke nan a saman benen? Yadda ake zare kujera a ƙarƙashin tsohuwa? Ni na tura ki. Ni na riƙa tsaya miki a aiki kina can kina karatu. Da kin ce min kujerar kike so, ai da na ɗauko miki ita a kaina na kai miki har gida."

Na ce, "Mama, wallahi..." Ta ɗaga hannu. Na fita.

Na shiga ɗakin magani na tsaya ina jera kwalaben da suke a jere. Can an jima na ji an turo ƙofa. Ita ce, da kofin shayi. Ta leƙa fuskata ta ce, "Subhanallahi, wa ya taɓa min ke? Dubi idonki. Faɗa min ko wane ne, yanzu in je in same shi."

Na ce ƙura ce. Na shanye shayin tana tsaye a kaina, tana shafa min baya.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Wace ce a cikinsu zan amsa wa? Dukkansu ita ce.

Juma'a, 22 ga wata, da magariba, a matakalar makaranta

Baban yara ne ya kawo ni a kan babur. Ya ce in ban je ba shi zai shiga ajin ya zauna, kuma in aka yi masa tambaya sunana zai bayar.

Da aka tashi Malama ta ce in tsaya. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma na tsaya kamar 'yar firamare. Ta ce in na sake rasa aji, doka za ta cire ni daga zangon, kuma ba abin da za ta iya yi min. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce, "Yanzu kuma ba malama ke tambaya ba. Me ke faruwa?"

Na faɗa mata. Ban kira abin da sunansa ba, ita ma ba ta kira ba. Ta ce, "Wa kike karewa?" Na ce ita. Ta ce, "Tsofaffin kuma fa?" Na yi shiru. Ta bar ni da shiruna, tana tattara alli. Can ta ce, "Ke kika san ta, ni ban san ta ba. Da a ce lokacin ƙarfinta ne, ta ga wata ma'aikaciyarta a wannan halin, me za ta yi?"

Wannan kam ba sai na yi tunani ba. Ba za ta kai ta gaban kwamiti ba, ba kuma za ta rufe ido ba. Hannunta za ta kama ta kai ta gida, ta zaunar da 'ya'yanta ta gaya musu ido da ido.

Malama ta ce, "To."

Shi ke nan abin da ta ce. Fankar ta tsaya, ajin ya yi girma, kujeru duk sun juya baya kamar mutane sun tashi daga zaman makoki.

Lahadi, 24 ga wata, da la'asar

Na je gidan Auta, 'yar Mama ta ƙarshe, wadda suke zaune tare. A banki take aiki. Tun tana 'yar makaranta take ce min Yaya. Mama tana barci a ɗaki, mu muka zauna a kicin, ta kunna famfo don kada muryarmu ta fita.

Na shirya magana tun a hanya, da farko da tsakiya da ƙarshe, kamar ta gaban aji. Ban kai ko'ina ba ta dafa hannuna.

"Yaya, na sani. A gida ma haka ne. Rannan na same ta tana jiƙa wa Baba magani, shi da ya rasu ina aji uku. Na ɗauka a wurin aiki lafiya lau take. Na ce aikin ne ke riƙe ta, kada in yi magana a raba ta da shi."

Na ce, "Ni kuma na ɗauka a gida lafiya lau take."

Muka kalli juna. Ban san wadda ta fara dariya ba. Muka yi ta yi har ta koma wani abu, famfo yana ta zuba.

Laraba, 27 ga wata, da azahar

Auta ta kai ta asibiti. Ta kira ni daga can. Likitan ya faɗi sunan, ta maimaita min, na ce to.

Na fita baya inda ake shanya, na tsaya a tsakanin zannuwan gado. Iska tana kumbura su suna taɓa min fuska. Suna da ƙamshin sabulu da rana. Na daɗe a wurin. Ba gajiya ba ce.

Alhamis, 28 ga wata, da yamma

Kwamiti ya zauna. Auta ta zo, ita ta yi magana da farko, ni na biyo. Na faɗi abin da na gani, tun daga kofin Baba Kafinta. Alƙali bai katse ni ba ko sau ɗaya. An ce Mama ta huta da girmamawa, za a shirya mata taro in ta samu sauƙin zama. Ni kuma riƙon ƙwarya, in na gama karatu a tabbatar.

Suka yi ta min barka. Ina jin muryoyinsu kamar daga wani ɗaki.

Mai girki ta share ofishin, ta goge tebur, ta bar min ƙofa a buɗe. Na kwashi fayil-fayil na koma ɗakin magani, na ɗora su a kan firij. A tsaye nake aiki. Ta leƙo ta ce, "Kujerar ba ta cizo fa." Na ce na sani.

Asabar, 30 ga wata, bayan an tashi aji

Yau na tsaya gaban aji. Na zana akwatuna da kibiyoyi kamar kowa, amma da na juyo na ga fuskokinsu, duk mutanen da suka baro aiki da yara da ciwon baya suka hawo benen nan, sai na ajiye takardar. Na ba su labarin tawul. Na ba su labarin shagon fenti. Na ce a gidanmu ba a shirya wa ranar sauka ba, saboda ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa za ta zo, ni ce kuma kan gaba a rashin kawowar. Na ce in suna da shugaban da suke so, su zauna da shi tun yana jin su, su tambaye shi yadda yake so a yi.

Ba wanda ya yi gyangyaɗi, ko da yake bayan abincin rana ne. Wata mai aikin gidan marayu ta fita da sauri da hannu a baki.

Gandiroba ya ɗaga hannu. Na ɗauka wasa zai yi. Ya ce, "Yanzu wa ke riƙe da gidan?"

Na ce, "Ana nan dai ana yi."

Malama ta kalle ni ta saman tabarau, ta yi rubutu, ba ta ce komai ba.

Talata, 3 ga sabon wata, da hantsi

Auta ta kira, muryarta a dishe. Kullum da sassafe Mama sai ta yi wanka, ta sa kayan aiki, ta rataya jaka, ta tsaya a bakin ƙofa. In an ce mata yau hutu ne, ta zauna, can ta sake miƙewa. Hutun Auta na banki ya ƙare, ba ta da wanda za ta bar wa ita. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Yaya, ko akwai wuri a wurinku?"

Na ce, "Ke ma dai. Wa ya gina wurin?"

Na faɗa wa ma'aikata. Maigadi ya ce shi bai san yadda zai hana Mama fita ba. Na ce ba hana ta zai yi ba, kirana zai yi, mu fita tare.

Alhamis, 5 ga wata, da yamma

An kawo ta da safe tare da sauran. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta gaishe da maigadi, ta wuce ofis ko kallonsa ba ta yi ba. Baba Direba, wanda ɗansa ya huce ya dawo da shi shekaranjiya, ya ji muryarta ya buga sanda a ƙasa, ya ce, "A matsa, a ba amarya wuri!" Ta zauna kusa da shi. Mai girki ta kawo shayi hannunta yana rawa, ta gudu kicin.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, ina kwana?"

Ta amsa da fara'a, irin wadda take yi wa baƙi. Ta dubi falon a hankali, daga wannan bango zuwa wancan. Ta ce, "Wurin nan da tsabta. Kuna ƙoƙari." Sannan ta sunkuyo ta rage murya. "Baiwar Allah, wace ce shugaba a nan? Ina da magana da ita."

Falon ya yi tsit, ko kuwa ni ce na daina ji. Na ga maigadi a bakin ƙofa, na ga Mai girki ta leƙo. Baba Direba ya juyo da kunnensa wajena.

Na ce, "Ni ce, Mama."

Ta ƙare min kallo tun daga kai har ƙafa, kamar mai duba yadi a kasuwa. Ta gyaɗa kai.

"To, madalla. Kin ga waccan mai koren mayafi? Ƙafarta ba ta kai ƙasa, tun da na shigo take lilo. Kafin azahar za ta kumbura. A sa mata wani abu ta taka."

Na ce, "Yanzu kuwa."

Ta ce, "Kada ki aika. Je ki da kanki."

Na tashi na je.